Injin Gwaggo Ne

Jiya a kasuwar Birnin Gwari na ji wani yana kwatance da "injin niƙan Alhaji". Raina ya ɓaci. Wane Alhaji? Marigayiya Gwaggona ce ta saye shi da guminta. Da man kaɗanya ta fara, ta koma sarin masara a Dogon Dawa. Mijin nata, Alhajin da ake faɗa, ko tayar da injin bai iya ba.

Ina tuna ranar da ya tsaya, gari har girarta, zaninta na warin gas, ta karɓe sifana daga hannun bakanike. "Matsa, malam, ni na san kukansa."

Shekara biyu kacal da rasuwarta, har an shafe sunanta! Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya kai ki inda ba a rubuta wa wani aikin wani.