Baturen da Ke Cewa Mi

Kaset ɗin nawa ne tun ina kwalejin horon malamai a Sakkwato. Kiɗan rok ne na Turawa, jita mai lantarki tana tsuwa, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Da aka turo ni koyarwa a firamare a Bodinga na taho da shi da rakodata, don dai a san ɗan boko ya shigo gari. Matata 'yar Danchadi ce, ba ta yi boko ba, kuma ba ta iya ɓoye ra'ayi. Ta ce wannan ba waƙa ba ce, faɗa ne mutumin ke yi da makaɗansa.

Wajen ƙarshen mulkin farar hula, lokacin da sabulu da batir suka zama abin nema a kasuwa, baƙon dauro ya shigo unguwarmu. Ya ɗauke mana ɗanmu na fari yana da shekara biyu. Kwana shida ya yi a kwance.

Ɗan fari kuwa kowa ya san kunyarsa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya mutu ba ta kuka a gani. Mata suka cika gida suna yaba haƙurinta. Ni ma na yaba, don wautata ta kai in ga idon mutum a bushe in ɗauka zuciyarsa ta yi sanyi.

Bayan sadakar arba'in na dawo daga makaranta da azahar, na ji kaset ɗina yana tashi a tsakar gida. Tana zaune tana yanka albasa, wadda ta fi ƙarfin tukunyarmu nesa ba kusa ba, hawaye na zuba. Waƙa ɗaya take maimaitawa. A ƙarshenta mawaƙin yakan kama kalma ɗaya ya yi ta jan ta, mi, mi, mi, har muryarsa ta dushe. A bakinmu na Sakkwato kuwa "mi" shi ne "me" na Kanawa.

"Malam, wanga Bature an yi mai rashi," in ji ta.

Na ce wa ya faɗa mata.

"Ba ka jiya ba? Tambaya shika yi. Mi yay yi? Mi yaro ƙarami yay yi? Mu ba mu iya tambaya, sai mu ce Allah shi sa mai ceto na. Shi ko ba shi da kunya, ya buɗe baki ya tambaya."

Na san ba haka ba ne, amma ban gyara mata ba. Wata guda ana haka. In batir ya mutu ta shanya shi a rana kan danga, ya ɗan farfaɗo, muryar Baturen ta fito a ja a ja. Ta fara cin abinci, har takan yi wa maƙwabta dariya.

Sai wata Juma'a wani dattijon unguwa ya tare ni a ƙofar masallaci, gaban mutane, ya ce, "Malam, gidan da anka yi rashi, kiɗan Nasara aka yi cikinai?" Kunya ta kama ni har wuya. Na shiga gida da zafina, na same ta da albasarta da Baturenta.

Da na ce ta rage murya kawai, da shi ke nan. Amma malami ne ni, gyara ya zame mini ciwo.

"Ba tambaya shika yi ba," na ce. "Ga Turanci, mi shi na ni. Ni, ni, ni shika cewa. Budurwa taƙ ƙi shi, shina roƙon ta dube shi. Ba ɗa, ba mutuwa."

Ta aje wuƙar.

"Ashe kainai shika yi ma kuka," ta ce a hankali.

Ta kashe, ta zare kaset ɗin, ta kai shi cikin akwatin littattafaina, ta dawo ta wanke fuska.

Kashegari da kaina na kunna mata, ina ta kame-kame, wai waƙa ai kowa da yadda yake jin ta. Ta ce, "Kashe, Malam. Na ji ma'anatai."

Mun yi zama mai tsawo bayan nan, Allah ya ba mu wasu 'ya'ya, ta yi musu wasa, ta kira sunayensu. Bara waccan ta riga ni tafiya. Abin yana cina har yau. Mutum ɗaya ta samu a duniya da ke taya ta kukan yaron nan, ni kuma na kore shi saboda maganar wani tsoho a ƙofar masallaci. Har ta rasu ban sake ganin hawayenta a kansa ba.