Tsuntsun Bukar da Gishirina

Ranar Juma'a ta farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji uku, wanda kuma daga shi ban ƙara ba, wata mota ta sauke wani siririn yaro a ƙofar gidanmu na Gashuwa, riƙe da akwatin kwano. Bukar ke nan, ɗan gwaggona daga Nguru, taubashina, wai an kawo shi ya yi damina a wurinmu. Tun daga yadda kakarmu ta rungume shi na san an kawo mini aiki.

Kafin zuwansa ni ne idon Kaka. Gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, kullum tana ɗaki a tsakiyar jeren kwanuka da faya-fayanta, ni kuwa in na dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa sai in zube mata labarin duniya: inda ruwan kogi ya kai, ko hadari ya haɗo, ko da sauran ruwa a babbar randar da ke jikin bangonta ta waje. Ba ta kirana da sunana, sai dai ka ji, "Maigidana, yaya garin?" Wannan sarauta ce, kada wani ya raina. Da ita nake cin ƙanzon tukunya ni kaɗai, da ita nake tsallake bulala.

Shi Bukar ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya saba ganin ƙarfen nan mai ɗaga hannu a gefen dogo yana sanar da direba ko hanya a buɗe take. Bai yi mako guda ba ya samo ƙaramin duma ya jefa a randa, ya ɗaura masa zare, ya zuro zaren ta ƙarƙashin rufi, ya rataya shi a azara har cikin ɗakin Kaka. A bakin zaren ya ɗaura tsuntsu na ɓargon kara, da idanun jajayen duwatsun ado da fukafukan zabuwa. In ruwa ya ragu, duma ya yi ƙasa, tsuntsu ya yi sama. A bayansa ya jera faya-fayai uku a bango, kore a ƙasa, ja a sama. Gaskiya abin ya yi kyau, kuma yau ne na fara faɗin haka da bakina. Matan unguwa suka dinga sallama don kallo kawai. Kaka ta dube ni ta ce, "Tsohon miji, na yi sabo. Wannan ko baki bai buɗe ba yake ba ni labari." Tun daga ranar, duk lokacin da tsuntsu ya hau faifan ja, ni ake miƙa wa tulu. Yaro ya zo daga Nguru ya naɗa mini shugaba na kara.

Sai na ce ai nima ina da ilimi, aji uku ba wasa ba. Na san gishirin mangul yana gumi idan iska ta jiƙe kafin ruwa ya sauko. Na roƙi dunƙule guda a wurin wani mai tireda, na saƙa masa raga da zaren launi, na sa masa tuntu, na rataye shi a saman jeren kwanukan Kaka. Na yi mata bayani kamar malamin lissafi: randa kowa na iya leƙawa, amma nawa sama yake karantawa. Ya kuwa yi aiki, Allah shaida. Washegari kafin azahar gishiri ya fara ɗiga. Abin da ban lissafa ba shi ne tunkiyar Kaka, wadda ta fi kowa a gidan sanin inda gishiri yake. Muna can muna langa a ƙofar gida muka ji ƙara kamar an kifar da kasuwar 'yan kwano. Tunkiya ta taka jere ta hau, kwanukan da Kaka ta kawo tun aurenta suka watse, fentin wasu ya ɓare. Da yamma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, daidai yadda gishirina ya faɗa, amma babu wanda ya tuna ya yaba. Kaka cewa ta yi, "Na sake ka, saki uku." Bukar ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma har damina ta wuce ba a mayar da ni ba.

Yanzu jikar Bukar ce ke karatu a jami'ar garin nan, kuma jinin bai canza ba. Ta ƙera wata fitila cikin ƙwarya mai zane, ba gilashin waya, ba rubutu, sai launi kawai: in kogi na lafiya ta yi kore, in ya fara cika ta koma ja, wai wani ɗan ƙarfe da aka dasa a bakin ruwa ne ke aiko mata da saƙo. Ta kawo mini ɗaya ta rataya a zaure. Baƙi na shigowa suna cewa, "Kai, zuriyar Bukar akwai kai!" a cikin gidana, a kan shayina. Kaka ta daɗe da rasuwa, Bukar ma ya bi ta bara, ya bar ni da gardamar da ba mu gama ba. Ni har yau in na dubi gabas na san ko za a yi ruwa. Sai dai jikokina fitila suke kallo, babu mai juyowa ya tambaye ni.