Shekarar da Iya Fanna Ta Sauya Mana Jarumi

Ran Asabar ɗin da ta wuce ina tsintar shinkafa a tsakar gida na ji ɗana Mubarak da abokinsa suna ɗaga murya a zaure. Da na kasa kunne sai na gane gardama suke a kan jarumin wasu littattafan labari cikin zane da suke karantawa a waya. Wai masu littafin sun share tarihinsa kaf sun faro daga farko. Da maraya ne mai haƙuri, yanzu sun ba shi iyaye, sun kuma sa masa saurin fushi. Mubarak na cewa an ci amanar masu karatu, abokin na cewa tsohon ya riga ya gundure kowa. Na ajiye faifan a cinyata, domin an taɓa yin irin wannan gardamar a gidanmu na Soron Ɗinki, kuma ba ta ƙare da dariya ba.

Kakata ta wajen uba, Iya Fanna, tun tana yarinya aka kawo ta Kano daga Borno, amma har ta tsufa harshenta bai saki wasu kalmomin can ba. Bayan sallar magariba, idan an sauke tuwo, takan ja tabarmarta kusa da murhu ta zuba turaren wuta a kan ragowar garwashi. Ƙamshin nan shi ne kiranmu. Mukan kai mu takwas, 'ya'yan gida da na maƙwabta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta tona garwashin da tsinke ta ce, "To, marini ya fito," mu kuma mu gyara zama.

Marinin nan sunansa Tanko, kuma ita ta ƙago shi. Maraya ne da ya faɗa ramin rini a Ƙofar Mata yana ɗan shekara bakwai, aka tsamo shi hannunsa na dama ya rine shuɗi har gwiwar hannu, duk wankin duniya bai fitar ba. A hannun nan ƙarfinsa yake. Da shi ya tare bijimin da ya tsinke a kasuwa, da shi ya tallafe rufin ɗaki har mai jego ta fito da jaririnta. Ba ya dukan kowa, ba ya karɓar lada, kuma ba ya makara. Duk inda aka kira shi, kafin a rufe baki ya iso.

Wanda ya fi kowa riƙe waɗannan ƙa'idoji shi ne Bukar, ɗan Baffa Modu ƙanen mahaifina. Ya girme ni da shekara ɗaya. Idan Iya ta yi kuskure ta ce hannun hagu, ko ta dawo da wani mugu da ta riga ta kora daga gari wata uku baya, Bukar zai ɗaga yatsa kamar a aji. Sai ta yi murmushi ta ce Malam Bukar ya gyara, ta bi tasa.

Baffa Modu fataucin huluna yake tsakanin Kano da Maiduguri. A daminar da Bukar ya cika shekara sha ɗaya, motar da ya shiga ta kife a hanya. Mu yara an dai ce mana Allah ya yi masa rasuwa. A bakin matan da ke zaman makoki muka tsinci sauran, cewa bai rasu nan take ba, ya daɗe a ƙarƙashin motar da ransa, ba a tara masu ɗagawa ba sai bayan ya cika.

Har aka yi sadakar arba'in ba a sa turare a murhu ba. Ranar da muka sake jin ƙamshin muka taru a sanyaye, kowa na satar kallon Bukar. Iya ta rame ƙwarai. Ta tona garwashi, amma maimakon ta ɗora daga inda muka tsaya, sai ta ce akwai wani saurayi a Ƙofar Mata mai suna Tanko, yana zaune da mahaifiyarsa. Muka dubi juna. Ta ce hannayensa biyu duk sun rine, ba don wani abin mamaki ba sai don aiki, kamar na kowane marini, kuma ƙarfinsa bai wuce na saurayi mai lafiya ba.

Ta ce wata rana aka sheƙa ruwa, katangar wani gida ta faɗo wa wani baƙo mai wucewa. Tanko ya ji ihu ya ruga, taɓo na kama ƙafarsa. Da ya isa ya sa hannu, ya sa kafaɗa, katanga ta ƙi motsi. Ya yi ta kira, ƙarar ruwa ta hana kowa ji. Sai ya zauna cikin taɓon, ya ɗora kan baƙon a cinyarsa, ya tare masa ruwa da rigarsa, ya tambaye shi sunansa da na 'ya'yansa, ya riƙa maimaita masa kalmar shahada har mutumin ya daina amsawa.

Bukar ya miƙe tsaye.

"Iya, wannan ba Tanko ba ne. Tanko ba ya makara, kuma babu abin da ba ya ɗagawa."

Muka jira ta ce Malam Bukar ya gyara. Ba ta ce ba. Ta dube shi ta ce, "Wannan karon bai iya ba, Bukar. Zauna ka ji sauran."

Bai zauna ba. Ya shige ɗakin mahaifiyarsa ya saki labule.

Gardamar ta fi wata guda tana bin mu, a hanyar makaranta da layin famfo. Wasu suka ce wani Tankon ne daban, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wata yarinyar maƙwabta ta ce ƙuruciyarsa ake ba mu, ƙarfin zai zo daga baya, aka tuna mata cewa na farko maraya ne, to daga ina uwa ta fito? Akwai masu cewa tsufa da baƙin ciki ne suka ruɗa Iya. Bukar bai yarda da ko ɗaya ba. A ganinsa Iya ta san abin da take yi, kuma ba ta da ikon yi, domin Tanko ba nata ba ne ita kaɗai, mu ma mun shekara uku muna rainonsa.

Sai ya samo littafin rubutu da biro shuɗi, ya raba kowane shafi gida huɗu, ya fara zana tsohon Tanko. Bayan magariba yakan zauna a zaure ƙarƙashin ƙwan lantarki yana nuna wa yara yana ba su labari. Cikin mako biyu yawancinsu sun koma wurinsa. Ni ma ra'ayina nasa ne, amma na kasa barin Iya da ƙananan yara biyu masu gyangyaɗi. Ta ci gaba da sabon Tankonta, wanda wata rana ya ceci mutum, wata rana ya kasa, ya koma gida ya ƙi cin abinci uwarsa na lallashi.

Wata yamma da muka rage mu biyu na tambaye ta me zai hana ta mayar mana da na da. Sai ta gaya mini abin da manya kaɗai suka sani. Ana kwana bakwai da rasuwar, wani manomi daga ƙauyen da motar ta kife ya zo har Kano da tambaya, ya kawo agogon Baffa Modu. Shi ya fara isa wurin daga gonarsa. Ya gwada ɗagawa ya kasa, ya aiki matarsa neman mutane, shi kuma ya zauna da Baffa har ƙarshe.

"Bakina ba zai ƙara iya ce muku akwai wanda ba ya makara ba," in ji ta. "Amma wannan bawan Allah, ina so ku san akwai irinsa. Kada ki gaya wa Bukar tukuna."

Ashe ta riga ta ga littafinsa. Ta tsince shi a kan taga, ta ga shafin da Tanko ya ɗaga mota da hannu ɗaya, wani mutum mai hular Borno yana fitowa daga ƙasa. Ta mayar da shi inda ta same shi, ba ta kuma taɓa yi masa maganar ba.

Bukar bai sake zama bakin murhun ba. Yana gaishe ta safe da yamma, yana mata aike, amma tatsuniya ya yi sallama da ita. Iya ta rasu muna sakandare. Ni kuma na riƙe maganar, da farko don ta hana, daga baya don na rasa ta inda zan fara. Sai da aka haifa wa Bukar ɗa ya sa masa suna Modu, ranar suna na ja shi gefe na gaya masa.

Bayan mako biyu Bukar ya tambayi mahaifina sunan ƙauyen, ya ɗauki hutu a wurin aiki ya kama hanya. Ya sami manomin da rai, ya tsufa, ido ya yi rauni. Da Bukar ya faɗi ko shi wane ne, tsohon ya laluba ya kama hannunsa, kuma abin da ya fara roƙo shi ne gafara. Ya ce duk shekarun nan yana tunanin da shi ya ruga neman mutane da kansa, tun da ya fi matarsa sauri, wataƙila da an cim masa da rai. Bukar ya tambaye shi me ya hana shi tafiya. Tsohon ya ce, "Mahaifinka ne ya riƙe mini riga, ya ce kada in bar shi shi kaɗai."

Na daɗe ina ɗauka cewa a gardamar nan dole ɗaya ya fi gaskiya, ko tsohuwar da ta rasa ɗa ko yaron da ya rasa uba. Yanzu da na yi jinyar iyayena duka biyu, na zauna a gefen gado inda ba abin da zan iya sai miƙa ruwa da gyara matashi, na daina neman mai gaskiya. Abin da ke ci mini rai shi ne ba su taɓa zama sun yi maganar ba, ita da shi, alhali ɗaki biyu ne tsakaninsu.

Bukar ya ce mini da ya dawo Kano bai wuce gida ba, maƙabarta ya fara zuwa. Da ƙyar ya gane kabarin Iya, don ƙasar ta kwanta. Ya daɗe a tsaye yana mata addu'a, har mai kula da wurin ya matso ya tambaye shi ko sabon rashi aka yi masa. Ya ce masa e, sabo ne.