Kan da Ba Shi da Tabo

Shekara ashirin da bakwai Baba Mai Aski ya yi a gindin bishiyar da ke bayan ɗakin cin abinci na makarantar kwana ta maza, shi da kujerarsa mai ɗingishi da tsagaggen madubinsa. Mutum ne mai zargi, wannan ko matarsa ta shaida. In ka cika fara'a wajen gaishe shi, sai ya shafa aljihunsa. Amma yana da zurfin ciki. Yara kan zauna su juye masa labarin wanda ya tsallaka katanga da wanda ya kaɗe mangwaron shugaban makaranta, kuma ko sau ɗaya maganar ba ta isa ofis ba.

Bazarar nan labarai sun yi yawa. Famfon ɗakin kwana ya ƙafe, an kawo sabon kuku da bai san ƙimar gishiri ba, ga jarrabawar fita saura kwana uku. A dokar makarantar ba mai shiga zauren jarrabawa sai da aski tal kwabo, kuma Baba ne ke miƙa wa kowa katin shaida in ya gama da kansa.

Da hantsi layi ya zo kan Lauya, wani ɗan ajin ƙarshe da ya taɓa maimaita aji, wanda surutu ya ja masa sunan. Jiya ya dawo daga hutu. Ya gaida Baba a ladabce, ya zauna, ya yi tsit. Baba ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza. Fuska dai ta Lauya ce, murya ma tasa ce. Amma da injin aski ya hau bayan kunnen hagu, babban yatsan Baba ya nemi tabon da ya shekara bakwai yana kauce wa, bai same shi ba. Fata sumul.

Ya kashe inji, ya ce wa sauran yaran su je su sha iska, wai injin ya yi zafi.

"Ɗana, kan wa ka kawo mini?"

Yaron ya yi musu, ya yi rantsuwa, daga baya ido ya raina fata. Shi abokin tagwaicin Lauya ne, bara ya gama a wata makarantar. Ya ce babur ne ya buge ɗan'uwansa ana gobe komawa, yana kwance a asibiti, kuma makarantar ba ta barin kowa ya maimaita sau biyu. In jarrabawar nan ta wuce shi, karatu ya ƙare, shi ya sa ya zo ya zauna masa.

Baba ya sha jin irin wannan. A kan kujerar nan an ba shi labarin kakar da ta rasu sau uku. Ransa ya ba shi Lauya na can gida a miƙe, yana jiran a ɗauko masa sakamako.

"Ba zan kai ka ofis ba," in ji shi. "Katin ma ba zan ba ka ba."

Yaron ya haɗa shi da Allah, har da hawaye. Baba ya karkaɗe ƙyallensa ya kira na gaba. Da rabin aski yaron ya kifa hula ya fice ta babbar ƙofa, ranar jarrabawa kuma kujera ɗaya ta wuni ba kowa. Har yau Baba bai ce ya yi kuskure ba, doka ai doka ce.

Sai da ruwa ya sauka, 'yan ajin duk sun watse, sannan Lauya ya zo ɗaukar akwatinsa. Tun daga ƙofa Baba ya hango shi a kan sanduna biyu, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an maƙale ta da fil. Baba ya miƙe da sauri, ya goge kujera da hannun rigarsa, ya juyar da ita wajen hanya.

Lauya ya tsaya ya dube shi, ya dubi kujerar, ya gyara riƙon sandunansa ya wuce.