Injiniyan da Ya Ɗauki Laifin Yatsana

Mu na Allah ne, kuma wajenSa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a bakin sito muna ja-in-ja da wani ɗan kwangila a kan launin tayil, sai sakatariya ta leƙo ta tagar bene ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Na hau. Ta ce Injiniya ya cika a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Na zauna a kan matakala, ɗan kwangila yana ta ƙwala mini kira daga ƙasa, kuma karo na farko a rayuwata na bar mai saye ya tafi ban bi shi ba.

Injiniya, shekara goma sha ɗaya kana kula da kwamfutocin wannan kamfani namu na kayan gini. Ni kuwa shekara takwas ke nan da aka tsamo ni daga kasuwa aka ba ni tebur a sashen sayarwa, shi ya sa har yau ba a kirana da komai sai Dillali. Akwai wata magana tsakanina da kai da na danne shekara uku, wadda na san idan ta fito za ta iya raba ni da kujerata. Yau zan faɗe ta. Amma kafin nan bari in gaya wa waɗanda ba su zauna da kai ba irin mutumin da muka rasa.

Ofishinka ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, wayoyi sun fi gashin kanka yawa. Shi kaɗai ne yake da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki sosai a duk ginin, kuma duk wanda ya shigo shan sanyi sai ka ce masa, “Ba tawa ba ce, ta babbar na'ura ce. Ni ma alfarma take yi mini.” Kullum da safe kafin ka zauna sai ka zagaya tebura kana ɗaga kibod ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman kunama. Abin da kake nema 'yan takardun da muke rubuta kalmar sirri ne mu ɓoye. Sakatariya ta koma liƙa tata a ƙasan gwangwanin biro, ka gano. Ta mayar da ita bayan kalanda, ka gano. Mai sito kuwa ya rantse tasa ba mai iya cankarta, ka tambaye shi sunan autarsa da shekarar da aka haife ta, ka buga, kwamfuta ta buɗe. Ya ce sihiri kake yi.

Wanda ya tashi daga teburinsa bai kulle kwamfuta ba, ya shiga uku. Za ka zauna a kujerarsa cikin natsuwa ka tura wa kowa saƙo da sunansa: “'Yan'uwa, gobe shayin ofis a wuyana.” Kuma dole ya saya. Manaja da kansa ya shayar da mu sau biyu. Mun yi ta gunaguni, amma cikin wata uku ko bayan gida mutum zai zaga sai ya kulle, har direbobi da ba su da kwamfuta suka fara sa wa wayoyinsu lamba.

Mun zage ka a bayan ido ranar da ka toshe shafukan ƙwallo da na bidiyo. Da ka ji, sai ka buɗe su daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, ka ce mutum ba inji ba ne, injin ma yana hutawa. Wata rana Manaja ya kira ka a gabanmu ya ce ka bugo masa jerin abin da kowane ma'aikaci yake kallo a intanet a lokacin aiki. Ka sosa ƙeya ka ce, “Yallaɓai, ana iyawa. Sai dai na'urar ba ta san girma ba, daga wanda ya fi daɗewa a kai take fara jerowa.” Manaja ya gyara zaman tabarau, ya ce a bar maganar zuwa wani lokaci. Lokacin bai zo ba har yau. Ka san abin da kowa yake yi a ginin nan, wa ke neman wani aiki a ɓoye, wa ke duba maganin wata cuta da bai gaya wa kowa ba, amma ko da wasa ban taɓa jin ka yi wa wani gori da shi ba. Ka taɓa ce mini, “An ɗauke ni gadin ƙofa ne, ba leƙen taga ba.”

Sai kuma tarkonka. Lokaci-lokaci kakan tura mana saƙon ƙarya don ka gwada mu: kun ci firiji, ku danna nan, an rufe akwatin saƙonku, ku danna nan. Wanda ya danna sai ya ga hoton fuskarka tana harararsa. Kowa ya faɗa, ban da ni. Na riƙa yawo a ofis ina buɗa kafaɗa ina cewa wanda ya yi shekara goma sha biyu a kasuwa ba a yaudararsa da firiji. Ka ce, “Dillali, kowa da irin abincin da ake kama shi da shi. Naka ne ba a dafa ba tukuna.” Na yi dariya.

To, an dafa.

Shekara uku da suka wuce wani ya rubuto mini ta imel yana tambayar tayil na babban gini. Bai yi mini alkawarin komai ba. Kushe kayan ya yi. Ya ce tayil ɗinmu yana da santsi, launinsa yana kashe ido, ya ga wanda ya fi shi a wani wuri. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ya yabi kaya wucewa zai yi, mai kushewa shi ne ya zo saye. Kwana uku muna fafatawa, yana ja ina ja, har na fara jin daɗinsa kamar tsohon abokin ciniki. A rana ta huɗu, bayan azahar, ya turo fayil ya ce ga jerin abin da yake so, in duba in amsa kafin a tashi, in ba haka ba ya tafi wajen maƙwabtanmu. Na danna, kwamfuta ta ƙi. Ta ce wannan sai da izinin Injiniya. Kai kuma ka fita gyara a reshenmu na bakin titi.

A nan ne na yi abin kunya. Ni mutum ne mai kallon hannu, sana'ata ce ta koya mini. Sau da yawa kana tsaye a kaina kana buga kalmarka ta sirri a kibod ɗina idan za ka gyara wani abu, ni kuwa idona yana bin yatsunka ba tare da na yi niyya ba, har na haddace. Ranar sai na buga ta. Fayil ya buɗe, babu komai a ciki. Kafin in gama tsaki, sakatariya ta ce takardunta sun ƙi buɗewa. Mai sito ya hauro yana cewa jerin kayan sito ya koma wasu haruffa kamar tafiyar tururuwa.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar: ban ɓoye maka ba. Na shiga bayan sito na kira ka, na faɗa maka komai. Ba ka zage ni ba. Ka ce, “Ka san shuɗiyar wayar da ke bayan kwamfutarka? Hau ka fizge ta. Ka sauka ɗakina ka fizge duk shuɗiyar da ka gani. Gudu, Dillali, ba tafiyar kasuwa ba.” Na gudu da wannan tumbin nawa.

Kwana huɗu kamfani yana aiki da biro da takarda. Motoci suka yi layi a bakin sito, masu saye suna zagi. Abin da ya cece mu wata ɗabi'arka ce da muke yi wa dariya: duk Alhamis kakan kwafe komai a wani ɗan akwati baƙi ka kulle a durowa, ka ce na ranar kuka ne. Daga cikinsa ka dawo da kusan komai.

Da ƙura ta lafa, masu kamfani suka ce sai an faɗi wanda ya buɗe ƙofa, kuma korarsa za a yi. Na'ura ta nuna da sunanka aka ba da izini. Ta kuma nuna a kan teburin wa aka yi, amma wannan kai kaɗai ka iya karanta shi. A gaban Manaja ka ce, “Yallaɓai, da mabuɗina aka shiga. Ni ne ban tsare shi ba.” Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma ƙarasa gaskiya ba. Saboda kai ne ka dawo da kayan ba a kore ka ba, amma aka ba ka takardar gargaɗi mai cewa ka yi sakaci, aka kuma ɗauko wani daga waje aka ba shi shugabancin kwamfutocin dukkan rassa, kujerar da kowa ya san taka ce.

Na same ka a ɗakinka na ce zan je in faɗa. Ka ce in zauna. Ka ce, “Idan aka kori wanda ya danna, gobe wanda ya danna shiru zai yi, sai mun wayi gari babu komai. Ni mai rugowa ya faɗa mini nake so. Kuma wa ya aike ni buga sirrina a gaban dillali?” Ban yi musu sosai ba, Allah Ya sani, domin ina da 'ya'ya biyar kuma ina tsoron kora. Amma ba ka bar ni haka ba. Ka ɗora mini koyar da ma'aikata duk farkon wata yadda ɗan damfara yake tafiyar da mutum, ka ce kai ka san inji, ni na san ɗan Adam. Nakan tsaya ina bayani kamar wani gwani, kana bayan ɗaki ka harɗe hannu kana murmushin da ni kaɗai na san fassararsa. Daga ranar kuma, duk lokacin da za ka buga kalmar sirri a kusa da ni, sai ka cire hularka ka kifa a kan hannunka. Mutane suka ɗauka sabon salo ne, har wasu suka fara kwaikwayo.

Da na so, da maganar ta bi ka kabari. Amma ranar da muka je gaisuwa gidanka, babbar 'yarka, wadda take karatun kwamfuta saboda kai, ta biyo ni har bakin ƙofa da wata takarda a ninke. Ta ce, “Kawu, na ga wannan a cikin kayan Baba. Wai sakaci ya yi? Baban da ko wayar Mama sai ya sa mata lamba?” Na ce mata zan bincika.

Ranar Litinin na shiga ofishin Manaja na rufe ƙofa na zayyana masa komai, tun daga mai kushe tayil har zuwa hula. Ya ce, “Ka san abin da masu kamfani suka ce a kan wanda ya yi wannan?” Na ce na sani, Yallaɓai, na ma kwashe kayan durowata a leda, tana bakin ƙofa. Ya ce in jira a waje. Ya yi waya mai tsawo, ina jin tashin muryarsa ba na jin kalmomin. Da ya kira ni, ya zaro takardar gargaɗinka daga fayil ɗinka ya soke ta da jan biro ya sa hannu, ya ce in kai wa iyalinka da kaina. Sannan ya miƙo mini tawa, sabuwa fil, da sunana a sama. Ya ce ba za a kore ni ba, domin ba zai rushe abin da ka saya da kujerarka ba, amma in rubuta gaskiyar da hannuna kowa ya karanta. Ga ta nan na rubuta. Ban taɓa karɓar takardar gargaɗi da hannu biyu ina godiya ba sai ranar.

'Yata, ga amsar tambayarki. Babanki bai yi sakaci ba. Kawunki Dillali ne ya saci mabuɗinsa da ido, shi kuma ya tsaya a gabana ya ɗauki dukan. Ki riƙe takardar da aka soke, ki nuna wa ƙannenki idan sun girma.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙuri da kiran wayarmu na ba gaira ba dalili shekara da shekaru, da 'ya'yanka huɗu, da mahaifiyarka, da ƙannenka, da dukkanmu na ofis da sito da muka zama marayun kwamfuta. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa albarka a karatunsu. Ku yafe mini shekara ukun da na yi shiru.

Injiniya, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa jinyar da ka yi ta zama kankarar zunubi, Ya sa Aljanna ce gidanka. Ka ga asirin mutane da yawa ka rufe, ka ga nawa ka rufe da naka mutuncin. Ya Allah, ranar da za a buɗe na kowa, Ka rufe nasa. Amin.