Ƙatuwar kwamfutar Tanut da bidiyon jikana

Bari in fara tona wa kaina asiri: ni ne mutumin da ya zaɓi kwamfuta yadda ake zaɓen bijimi a kasuwa, da girman jiki.

Mun tashi da asuba daga Gangara, ni da maƙwabcina, a bayan wata tsohuwar mota mai ɗauke da buhunan gero da awaki uku. Jika biyu na sefa direba ya karɓa, akuyar kusa da ni kuma ta ci gefen rawanina kyauta. A aljihuna akwai bidiyon sunan jikana, minti arba'in. Uban yaron, ɗana, yana Arewa, bai taɓa ganin jaririn ba, kuma bayan la'asar zai shiga dajin zinariya inda babu rezon waya, wata uku. Waya ta ƙi tura bidiyon, wai ya yi nauyi, sai an matse shi.

A Tanut muka sha fura, na sayi cuku, muka sami shagon kwamfuta biyu. A na farko wata yarinya ce da kwamfuta siririya kamar faranti, ta ce minti takwas. Ban yarda ba. Telan da ya ce yanzu-yanzu, na san irin ɗinkinsa. Na biyun yana da ƙatuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa. Na ce yauwa, ga mai ƙarfi.

Awa uku muna kallon wani koren layi yana rarrafe. Kwamfutar ta yi zafi, mai shago yana yi mata fifita da kwali. Na fara zargin kwafe fuskokin matan gidana yake yi. Ya rantse, ya ce ƙwaƙwalwarta ce tsohuwa, hoto ɗaya-ɗaya take taunawa. Layi ya wuce rabi, wuta ta ɗauke.

Na koma wurin yarinyar ina sunkuyar da kai. Ta ce, "Baba, tawa tana da wani sashe da ba ya aikin komai sai bidiyo. Tasa mutum ɗaya ne a gona, tawa gayya ce." Kafin shayin da na saya ya huce ta gama.

Nan shaiɗan ya sake zuwa mini. Abin da ya gagari ƙato awa uku, wannan ta gama haka? Lalle ta zubar da wasu mutane. Na sa ta kunna daga farko, na zauna ina ƙirga baƙi: liman, wanzami, surukai, har ragon. Kowa na nan. Aka tura ana sallame la'asar. Alama ɗaya ta fito, wai saƙo ya tafi; ta biyu mai nuna ya isa wayar ɗana ba ta zo ba har muka hau mota.

Na koyi cewa ƙarfin na'ura a cikinta yake, zargi kuma ya fi tsohuwar kwamfuta cin lokaci. A gida da uwar jaririn ta ji labari, ta shige ɗaki. Uwargidana ce ta aje mini tuwo ta ce, "Malam, duk waɗanda ka ƙirga, wanne ne a cikinsu ɗanka bai taɓa gani ba?"