Turmin Lariba

Tun da kun matsa sai na ba ku labari kafin in miƙa makullan ofis ɗin nan na Bawku, to ga wanda ya ƙi barin raina. Ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan ita ce ranar da aka tura ni garinmu, Salaga, in ɗauko kura.

Lokacin ina Yendi, ina matsayin babban ma'aikacin lafiyar dabbobi. Wannan matsayi yana ƙasa da likita, amma a ƙauye duk wanda ya riƙe sirinji Dokta ne, mu ma ba ma musu. Likitan gaske shi ne maigidana, Dokta Yakubu. Ya kira ni ya ce ma'aikatan gandun daji za su kwashe dabbobin wani tsohon gida a Salaga su kai sabon wurin da aka tanada, suna neman wanda zai duba lafiyarsu ya sa hannu.

"Kai ɗan garin ne," in ji shi. "Za su fi jin maganarka."

Na san gidan. Na Baba Gariba ne, a bayan zango. Muna yara nan ne gidan zu ɗinmu: birai biyu, kada a cikin rami, da wata 'yar kura da ake kira Lariba. Ran sallah Baba Gariba yakan cire mata takunkumi, ya kama hannun yaro ya ɗora a kanta. Ni ma an ɗora nawa, na yi wata guda ina cika baki a makaranta. Duk garin an yarda asiri ne ya ɗaure mata baki.

Da muka isa, na tarar Baba Gariba ya daɗe da rasuwa, birai sun mutu, ramin kada ya zama wurin zuba shara. Kejin Lariba da nake gani kamar ɗaki ashe bai kai tsawona ba. Lariba kaɗai ta rage, ta kusa shekara talatin, gashin wuyanta ya zube inda sarƙa ke gogarta. 'Yar Baba Gariba, Mma Adiza, ce ke kula da ita. Na ji kunya, domin shekarun nan duka abin nan nake tunawa da daɗi.

Ga yadda ƙa'idar take. Kafin a ɗauki dabba ana cika fom, layi bayan layi: ido, fata, ƙafafu, haƙora. Ba a buɗe bakin naman daji sai an yi masa allurar barci. Dokta Yakubu kuwa ya gargaɗe ni cewa tsohuwar dabba tana iya ƙin farkawa, don haka kada in yi allurar sai dole. Na duba abin da ido zai gani daga waje. Takunkumi na bakinta, hadari ya haɗo, direba na ta danna hon saboda hanya. Na iso layin haƙora, na rubuta "lafiya", na sa hannu.

Muna shirin tashi sai ga Mma Adiza ta mirgino wani ƙaramin turmi baƙi ƙirin, da taɓaryarsa.

"Ofisa, ku tafi da wannan. Na Lariba ne, tun zamanin Baba."

Na dubi turmin, na tuna da layun da ke rataye a kejin, na yanke hukunci a raina cewa turmin daka magani ne.

"Mma, can ba a aiki da asiri. Abinci mai kyau za a ba ta."

Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sannan ta ce, "To, Ofisa. Allah ya kiyaye hanya."

Gaskiya sabon wurin ya yi. Fili ne mai faɗi, da itatuwa, da tafki, da kogon da dabba za ta ɓuya idan ta gaji da idon mutane. Babu sarƙa, babu mai tsokana da kara. Kowace dabba da takardar abincinta, ta kura kuwa ta ce nama da ƙashinsa. Na cire mata takunkumi ta bayan ƙarfe, ta shige kogo da gudu, na koma Yendi ina jin na yi aikin lada.

Kwana biyar bayan haka mai kula da ita ta bugo waya. Ta ce Lariba ba ta ci komai ba. Takan ɗauki naman, ta lasa, ta kai kogo, ta kwanta kusa da shi. Ta ce tun da fom ɗina ya nuna bakinta lafiya, suna zaton ciwon ciki ne, kuma jibi za su yi mata allurar barci su bincika. Na san a yadda ta rame ba za ta tashi ba. Na roƙe ta su dakata, na hau babur na nufi Salaga.

Na sami Mma Adiza tana shara a gaban kejin da babu kowa ciki. Bayan gaisuwa na ce, "Mma, me ake dakawa a turmin nan?"

"Nama," in ji ta. "Safe da yamma, sai ya yi laushi kamar fura. Baba ya cire mata haƙora da awartaki tun tana ƙarama."

"Saboda me?"

"Sabida ku mana. Wa zai bar ɗansa ya taɓa kura mai haƙora?"

Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa mini ran nan. Ta ce sirrin mahaifinta ne, ba za ta tona shi a gaban direba da 'yan kallo ba. "Da ka ja ni gefe ka tambaya, da na gaya maka. Amma ka ce asiri ne."

Washegari na samo mota, muka tafi da ita da turmin. Mma Adiza ta zauna a bakin shingen waya ta fara daka. Ba ta yi bugu goma ba sai ga Lariba ta fito daga kogo tana tangaɗi. Ta cinye tas. Aka gyara takardar abincinta, aka koya wa masu kula da ita daka. Ta yi wata bakwai tana taka ƙasa ba sarƙa, sannan ta mutu cikin barcinta.

Na gaji da muhawarar da kuke yi, wai mutanen da ne suka fi tausayin dabba ko na yanzu. Na ga duka biyun. Kiwon yanzu ya fi, nesa ba kusa ba, ba na son a koma baya. Amma takarda ba ta sanin abin da ba a rubuta mata ba, kuma mai ba dabba abinci kullum ya riga ku sanin bakinta. Ku ja shi gefe ku tambaye shi, ko da direba zai fasa hon.

Na nemi a ba ni tsohon fom ɗin in gyara, aka ce abin da ya shiga fayil ba ya fitowa. Yana can har yau. Ni ne yaron da aka cire mata haƙora dominsa, kuma ni ne na sa hannu cewa suna nan.